Tsohuwar osiloskop a gwanjon intanet: gane lafiyarta daga hoto da sanin iyakar tayi

Tambaya: Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, kuma ina son osiloskop, na'urar da ke zana siginar lantarki a gani da ido, irin ta da, mai kwalbar allo. Na ga guda uku a gwanjon eBay. Akwai Tektronix 465 da mai ita ya ce tana kamawa amma bai gwada ba, akwai 2465B mai tsada ƙwarai, sai wata ƙatuwar 545 mai bawul wadda arharta ta ba ni mamaki. Yaya zan gane mai lafiya alhali hoto kawai nake gani, kuma nawa ya kamata in taya?

Amsa: Malam, sayen irin wannan na'ura a gwanjon intanet cinikin biri a sama ne, kuma hoto ɗaya ne yake sauko da birin ƙasa. Kafin ka duba farashi ko lambar samfuri, nemi wannan hoton.

Duk ukun da ka ambata suna da wurin fitar da siginar gwaji a gabansu, an rubuta masa CALIBRATOR. A kan 465 yana ba da sigina mai kusurwa huɗu, milivolt 300, wajen 1 kHz. Ka roƙi mai sayarwa ya ja waya daga nan zuwa tasha ta ɗaya, wato bakin shigar sigina na farko, waya kai tsaye, ba furob ba, wato wayar awo mai tsini da ke rage sigina sau goma. Ya ajiye VOLTS/DIV a kan 0.1 V, TIME/DIV a kan 0.5 ms, ya ɗauki hoton da zai nuna allo da mamurɗan gaba ɗaya, a ɗaki mai haske. Allon 465 yana da gida takwas a tsaye, goma a kwance. Idan lafiya lau ce, za ka ga sigina mai tsayin gida uku, ta maimaita kanta kusan sau biyar daga hagu zuwa dama, tana tsaye cak ba ta gudu. Sai ya mayar da wayar tasha ta biyu ya sake ɗauka. Kada ka tsananta kan faɗin, domin firikwansin wannan siginar ƙiyasi ne, ba a yi ta don auna lokaci ba. Tsayin ne ya kamata ya faɗa daidai, da kuskuren da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Wannan hoto shi kaɗai ya shaida abu shida: ƙaramar wutar ciki tana aiki, babbar wutar allo tana aiki, kwalbar tana da rai, amfilifayar tsaye tana ɗaga sigina, sashen da ke jan layi daga hagu zuwa dama yana ja, tiriga kuma tana kama sigina ta tsayar da ita. Aikin minti biyu ne. Wanda yake da tulin kayan awo a shagonsa na eBay, ya ce maka bai san yadda ake yi ba, sau da yawa ya gwada ne abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Wanda kuwa ya kwaso ta daga kayan gado tare da kujeru da kwanuka, "ban gwada ba" ɗinsa gaskiya ce. Ka buɗe sauran kayan da yake sayarwa, nan za ka gane wane ne a cikin biyun.

Hoton yana faɗin cuta ma, idan ka iya karanta shi. Layi mai kauri da ke rawa kamar igiyar shanya a iska, galibi manyan kafasitocin tace wuta ne suka bushe. Layin da ya karkata gefe ba komai ba ne, akwai wurin saita shi da sukundireba. Kusurwar da ta lanƙwashe ko ta yi tsini, idan da furob aka haɗa, saitin furob ne kawai. Idan da waya kai tsaye ne kuma a mataki ɗaya kaɗai take yi, sashen rage sigina na wannan matakin ne. Layin da bai cika gida goma ba, ko ya matse a gefe ɗaya, matsalar amfilifayar kwance ce, kuma nauyin wannan ya danganta da samfuri, zan zo kansa. Sigina mai gudu tana iya zama rashin iya saita mamurɗin LEVEL na tiriga ne, tana iya zama kuma ƙaramin dayod na musamman da ke cikin tirigar samfuran Tektronix 453 da 465 da 547 ne ya mutu. An daɗe da daina yin irinsa da yawa, sai dai a ciro daga wata matacciyar.

Akwai hotunan da ba su shaida komai ba, kuma su suka fi yawa. Koren fitilar da ke nuna an kunna, fis kawai ta shaida. Ɗigon haske a tsakiyar allo yayin da yatsa ke danne da BEAM FIND, makunnin da ke jawo layi cikin allo, yana nufin kwalba da babbar wuta suna da rai, amma yana iya nufin layin ba ya fitowa sai an danna, wato akwai abin da ya tura shi waje. Hoton da aka ɗauka a duhu kuwa shi ne mafi yaudara, domin kwalbar da ta gaji ma tana haskawa a duhu.

Ka tsaya sosai a kan kwalbar, domin ita ce ran na'urar, kuma babu masana'antar da ke yin irinta yanzu. Ƙara girman hoton ka dubi inda mamurɗin INTENSITY ya tsaya. A kwalba mai ƙarfi, wajen tsakiya ya isa. Idan an murɗe shi har ƙarshe kafin layi ya fito, ko kuwa da an ƙara haske sai layin ya baje FOCUS ya kasa tattara shi, to bakin da ke fitar da haske ya tsufa. Wata alamar tsufa ita ce a riƙa ƙara INTENSITY haske ya ƙaru, ya ragu, sannan ya sake ƙaruwa. Wannan sai a bidiyo ake gani. Gwajin da ya fi tona asiri shi ne a kai TIME/DIV mataki mafi sauri, a 465 wato 0.05 µs, a kunna X10 MAG mai ninka saurin sau goma. A nan haske yake raguwa ko a kwalba mai lafiya, amma ya kamata a ci gaba da ganin layi da rana. Ka nemi hoto ɗaya kuma da na'urar a kashe, a kusa da gilashi. Ƙuna tana bayyana kamar tabo ruwan ƙasa, ko ɗigo a tsakiya ko siririn layi a kwance, inda wani ya bar haske a wuri ɗaya kwana da kwanaki. Ƙaramin tabo ba ya hana aiki, farashi kawai yake ragewa. Idan ka ci karo da 464 ko 466 masu riƙe hoto, ko 2467 da 7104 masu kwalba ta musamman mai tsananin haske, ka ninka tsantseni, domin kwalabensu sun fi saurin lalacewa kuma sun fi wuyar samu.

Sauran hotunan jiki ana duba su da sauri. Tsatsa a kan sukurori ko koren datti a bakin BNC, inda ake soka furob, alamar ta zauna a danshi ne. Fuska mai launin rawaya-rawaya hayaƙin sigari ne, kuma ya shiga cikin makunnai. Sukurorin murfi da suka ɓata suna nufin wani ya riga ka shiga, ba ka san me ya ɗauka ko ya murɗa ba. Karyayyen mamurɗi ana samun madadinsa, amma lanƙwasasshen sandan TIME/DIV babban aiki ne, saboda sanduna ne cikin sanduna suna juya doguwar ganga mai taɓa ƙananan ƙarafa masu ruwan zinariya. Takardar saiti da aka manna tana faɗa maka shekarar da wani ya kula da ita a ƙarshe, ba ta faɗa maka halin da take ciki yau ba. Lambar jiki ma tana magana: mai farawa da B an yi ta a Beaverton ta jihar Oregon, mai farawa da 7 a Heerenveen ta ƙasar Holan, mai farawa da 1 a tsibirin Guernsey. Amfanin wannan shi ne littafin gyara yana bambanta zane bisa lambar jiki.

Abin da ke yanke darajar tsohuwar osiloskop ba yawan lalacewarta ba ne, wane ɓangare ne ya lalace. Kafasita, rizista, taranzista na gama-gari, dattin makunni, duk waɗannan mai gyaran amfilifaya irinka zai yi su da abin da ke cikin akwatinsa. Kwalba, taransifomar babbar wuta, da cip ɗin da kamfanin ya ƙera wa kansa, su ne idan sun mutu sai ka sayi na'ura ta biyu don ka raya ta farko. Da wannan ma'auni za mu auna ukun naka.

465 ta fito a 1972, tana kai 100 MHz, tasha biyu, nauyinta wajen kilo 11. An yi ta da yawa ƙwarai, don haka matattunta da ake ciro kaya a jikinsu ba sa yankewa a kasuwa. Mafi yawan cikinta taranzistoci ne ɗaiɗai, da yawansu a soket suke, ana zare su da hannu. Cutarta da aka fi sani ita ce ƙananan kafasitocin tantalam masu kama da ɗigon fenti, waɗanda ke haɗewa su ja layin wuta ɗaya ƙasa, na'ura ta mutu murus. Kafasita ɗaya mai arha, sai a sayar da ita a matsayin matacciya. Bayan su sai manyan kafasitocin tace wuta, waɗanda cire su daga bod ke buƙatar ayan mai zafi da haƙuri don kada layin tagulla ya ɗago. Abin tsoro a jikinta shi ne sashen ninka babbar wuta da aka rufe da roba, mai kai wa kwalba sama da volt 10,000. Idan fitilu suna kamawa, fanka tana juyawa, amma ko BEAM FIND bai fito da haske ba, ka lissafa da wannan. Ka kula kuma, 465M ta sojoji sunan ne kawai ya yi kama, cikinta daban ne, kayan 465 ba sa shiga.

2465B ita ce sarauniyar masu kwalba da ake ɗauka a hannu, 400 MHz, tasha huɗu, tana rubuta awo a kan allo. Amma kyan ɗan maciji gare ta. Cikinta cip-cip ne na Tektronix da ba a samun sababbi, kuma wanda ya yi suna wajen mutuwa shi ne U800, mai jan layi a kwance. Alamarsa layi da rubutu su zame gefe ko su matse bayan na'urar ta ɗumama, don haka hoton da aka ɗauka minti ɗaya da kunnawa bai wanke shi ba. Ka nemi na bayan rabin awa. Na biyu, a waɗanda aka ƙera daga baya, lambobin saitinta suna zaune ne a cikin cip ɗin Dallas DS1225 mai batir a cikinsa, wanda aka yi wa kiyasin shekara goma, ga shi yanzu ya haura talatin. Ranar da batirin ya ƙare saiti ya tafi, kuma mayar da shi yana buƙatar janaretocin sigina na musamman da ba kowane shago ke da su ba. Na uku, masu lambar jiki daga B050000 zuwa sama suna da ƙananan kafasitoci a kan bod ɗin A5 da ke zubar da ruwa yana cin layukan tagulla. Ga kuma kafasitocin RIFA a bakin shigar wuta, masu tsagewa su yi hayaƙi mai wari, kuma wutarmu ta volt 230 ta fi saurin fasa su fiye da 120 ɗin Amurka. Alherinta ɗaya, tana gwada kanta idan an kunna. Ka nemi bidiyo tun daga danna makunni. Idan ta tsaya da TEST 04 FAIL, lambobin saiti ne. TEST 05 yakan nuna wajen bod ɗin A5. A cikin jerin gwaje-gwajenta akwai EXER 05 mai nuna awannin da ta yi tana aiki. Wanda ya ce ya canja kafasitoci da DS1225, ya nuna hoton bod ɗin da ranar da aka yi saiti. Idan babu, maganar baka ce, kada ka biya kuɗinta.

Ka kuma tambayi kanka me za ka yi da 400 MHz. Sauti yana ƙarewa wajen 20 kHz, matakin tsakiya na rediyo 455 kHz ne a AM da 10.7 MHz a FM, gajeren zango bai wuce 30 MHz ba. Ka'idar ita ce a daidai iyakar da aka rubuta wa na'ura, tsayin sigina yana sauka zuwa kusan kashi 70 cikin 100, shi ya sa ake son iyakar ta ninka abin da ake aunawa sau uku zuwa biyar. Da wannan lissafi 100 MHz ta ishe ka har da saura. Ko Hameg HM203 mai 20 MHz za ta yi maka yawancin aikin amfilifaya, kuma da yake daga Jamus take, a kan wutar irin tamu aka saita ta.

545 kuwa araha ba ta ado. Nauyinta wajen kilo 30, tana shan kusan wat 500, tana hura zafi kamar murhu, abin da ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai aiki da janareta ko sola a watan Afrilu. Na'ura ce kyakkyawa, aikin cikinta abin kallo ne, amma ta masu tarawa ce da masu zuwa su ɗauka da mota. Dalilin arhar ma sau da yawa shi ne an yashe ta: masu haɗa amfilifayar bawul suna sayen irin waɗannan don su zare bawul masu tsada, musamman 6DJ8, su mayar da gangar jikin kasuwa. Idan ka nace, ka nemi hoton ɓangarorin biyu da murfi a cire ka ƙirga soket ɗin da babu komai, ka tabbatar da durowar gaba, wato sashen shigar sigina da ake zarewa, tana ciki, domin ba ta aiki sai da ita. Fararen sandunan tangaran da aka jera kaya a kansu kuma ba a taɓa su da dalma ta yau da kullum, sai mai azurfa a ciki. Kamfanin har ɗan ƙullinta yake sakawa a cikin na'urar. 'Yar uwarta 547 tana da nata ciwon, taransifomar babbar wuta da ke aiki da sanyi, idan ta yi zafi allo ya dushe.

Batun nawa za ka taya, farashin da masu sayarwa suka rubuta ba ma'auni ba ne, buri ne. A eBay akwai wurin tace sakamako ya nuna waɗanda aka riga aka sayar. Ka tattara goma ko sha biyar na samfurin da kake so, ka ware masu hoton sigina daga marasa shi, ka jefar da mafi tsada da mafi arha, ka ɗauki na tsakiya. Wannan shi ne kuɗin mai lafiya. Wadda ba a gwada ba, a ganina, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan, domin ka sayi caca ne. Furob na asali guda biyu, murfin gaba da jakar sama suna ƙara daraja ta gaske. Furob ɗin 400 MHz irin P6137 shi kaɗai kuɗi ne mai kauri, kuma idan babu shi 2465B ba za ta nuna abin da aka saye ta dominsa ba. Littafin takarda ba ya ƙara da yawa tunda ana samun kwafinsa kyauta a intanet, a TekWiki misali. Sannan ka sa wa kanka rufi: sabuwar dijital irin Rigol DS1054Z, tasha huɗu, 50 MHz, ta shigo kasuwa a wajen dala 400, da garanti, nauyinta kilo uku da 'yan kai. Idan kuɗin tsohuwar da na jigila da na kwastan da na kayan gyara suka doshi wannan, to sha'awa ce kake saya ba kayan aiki ba. Sha'awa ba laifi ba ce, amma ka san sunanta.

Jigilar ce ma takan kashe cinikin. Kamfanonin jirgi suna cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin gaske da nauyin girma, wato tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Kwalin da zai ɗauki 465 da soso yadda ya kamata, a ce 60 da 50 da 35, ya zama kilo 21, kusan ninkin nauyinta. Kada ka nemi a rage kwalin don a rage kuɗi. Ana son kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, da soso mai tauri aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, fuskar kuma a rufe ta yadda nauyi ba zai sauka a kan mamurɗai ba. Ƙananan gutsattsarin farin soso ba sa riƙe abu mai nauyi, na'urar nutsewa take yi har ƙasan kwali. Wuyan kwalbar siriri ne, faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Ka lura da rukunin da aka saka kayan ma: a ƙa'idar eBay, abin da aka sa a rukunin "Used" ana nufin yana aiki, kana da hujjar ƙorafi idan ya zo a mace, amma "For parts or not working" ya rufe wannan ƙofa. Idan kuma ta hannun kamfanin da ke karɓar kaya a Amurka ya turo maka gida za ka bi, kariyar eBay ba ta bin kayan bayan sun isa wurinsa, don haka ka biya su su buɗe su ɗauki hoto kafin su ɗora a jirgi.

Wajen tayi, ka rubuta iyakarka a takarda tun kafin ranar. eBay tana ƙara maka tayi da kaɗan-kaɗan har zuwa iyakar da ka saka, kuma gwanjon yana rufewa a kan lokacinsa, saboda haka saka iyakar sau ɗaya a daƙiƙun ƙarshe ya fi yin ja-in-ja tun kwana uku kafin a rufe. A cikin ukun nan, 465 ce zan ce ka bi, da farashin mai lafiya idan hotunan sun zo, da farashin matacciya idan mai ita ya yi shiru.

Idan ta iso, kada ka soka ta a wuta. Nemo makunnin zaɓen wuta ka mayar da shi daga 115 zuwa 230, ka canja fis zuwa wanda aka rubuta wa 230, wanda yake kusan rabin na farko. Mantuwa da wannan ta kashe na'urorin da suka tsallake teku lafiya. Firikwansin 50 Hz ba ya damunta. Karon farko ka kunna 465 ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100 da aka jera a layin wuta: idan ya yi haske ya dushe, to madalla, idan ya tsaya da haske sosai akwai abin da ya haɗe. Wannan dabara ba ta dace da 2465B ba, domin wutarta irin mai sauyawa da sauri ce, ba ta son ƙarancin wuta. Sai ka auna layukan ciki da mita: a 465 akwai +110, +55, +15, +5 da −8. Layin +55 shi ne uban sauran, kuma duk saitin na'urar a kansa aka gina shi, don haka idan yana cikin iyakar da littafi ya bayar kada ka taɓa mamurɗinsa don neman ya cika cif. Ka nisanci jan wayar da ke shiga gefen kwalba ko bayan an kashe, tana riƙe caji. Kuma ka tuna kilif ɗin ƙasa na furob a haɗe yake da jikin na'urar da wayar ƙasa ta soket. Idan ka maƙala shi a ɓangaren wutar gari na inbata ko caja, furob ɗin da layin bod za su ƙone tare. Bayan wannan ka bar ta a kunne awa ɗaya da siginar gwaji a allo, haske a matsakaici, kana leƙawa kowane minti goma ko tsayin gida ukun nan ya motsa.